Tsohuwar Akori-kura: Abin da Manomi Zai Koya daga Masu Tara Ta don Sha'awa

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da sha'awarsu ita ce su nemo tsohuwar akori-kura wadda ta yi shekara talatin ko arba'in, su kwance ta noti-noti, su gyara ta har ta koma kamar ranar da ta fito daga kamfani. Ba kaya suke ɗauka da ita ba. Wani ma sai ƙarshen mako yake fito da ita ya ɗan zaga gari, ya goge ta, ya mayar gareji. Mu a nan irin wannan motar ce ke kai taki gona, ta kwaso masara, ta kai tumatir kasuwa, wani lokaci ma ta kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Buƙatarsu daban, tamu daban. Amma motar ɗaya ce, ciwonta ɗaya ne, kuma hanyar da suke bi wajen zaɓe da gyara ta fi wadda yawancinmu ke bi, saboda su ba sa gaggawa. Wannan bayani naka ne idan kai ko ƙungiyarku kuna shirin sayen tsohuwar akori-kura, ko kuna da wata a bayan gida da ta yi shekaru kaji na kwana a cikinta.

Motocin da ake magana a kansu

Masu sha'awa a Amurka sun fi bin nasu na gida, irin su Ford F-100 da aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, da Chevrolet C10, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972. Waɗannan ba su dame ka ba, don ba ka da inda za ka samo kayan gyaransu. Abin da ya shafe ka shi ne suna kuma bin motocin da muka saba da su. Dokar Amurka ta yarda a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da an tilasta mata cika ƙa'idojin da ake gindaya wa sababbin motoci ba, shi ya sa tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu shan dizal suke da masu nema a can. A Faransa kuma motar da ta wuce shekara 30 ana iya yi mata rajista ta musamman a matsayin motar tarihi, kuma Peugeot 404 da 504 suna da ƙungiyoyin masoya.

Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fito a 1968. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. An daina ƙera 504 mai ɗaukar fasinja a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Wannan ne dalilin da ya sa da wuya ka shiga garin da ke da tasha a Arewa ka rasa bakaniken da ya san cikinta. Akori-kurarta tana ɗaukar kimanin tan ɗaya, tana da sifirin na falle-falle a baya, kuma tana da taushi a hanya mai gargada. Injinta na fetur yana da wata falala: ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki hannun riga ne da ake zarewa. Idan sun cinye sai a sa sababbi tare da fistin da ringi, ba sai an kai gangar injin an kankare ba. Rauninta kuwa kan injin, wanda na alminiyam ne. Idan ka bari ya yi zafi sosai sai ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Toyota Hilux ita ma a 1968 ta fito. Tsofaffin da za ka tarar a kasuwa suna zuwa da injin fetur irin su 22R da 4Y, ko na dizal irin su 2L da 3L da 5L. Land Cruiser ta jerin 70, wadda aka fara a 1984, ta fi su duka ƙarfi a yashi da laka, ta kuma fi su tsada. Mutanen Chadi ba sai an ba su labarin waɗannan motoci ba: yaƙinsu da Libiya na 1987 har suna aka sa masa Yaƙin Toyota saboda rawar da suka taka a hamada. Akwai kuma Datsun da Nissan, da Mitsubishi L200, da Isuzu.

Wacce za ka zaɓa? Kafin ka tambayi dillali, ka je wurin kanikawan garinku ka tambaye su wace mota suka fi gyarawa, kuma wacce ce idan kayanta ya lalace yau ana samunsa kafin la'asar. A ganina wannan amsar ta fi sunan kamfani muhimmanci. Motar da sai an aika Legas kafin a samo famfon ruwanta za ta kwana uku a tsaye ranar da tumatirinka ya nuna.

Duba mota kafin ka biya

Gogaggen mai tara tsofaffin motoci yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa: shasi yake saye, sauran duk ana iya sauyawa. Fenti shi ne abu na ƙarshe da yake kallo. Mu kuma sau da yawa fentin ne ke fara sace mana zuciya, dillalai kuwa sun san haka.

Ka fara da takardu tun kafin a tada inji. Lambar shasi da ke jiki da lambar inji su yi daidai da abin da ke rubuce. Ka sa yatsa ka shafa inda aka buga lambar. Idan wurin ya yi santsi fiye da kewayensa, ko akwai alamar walda ko sabon fenti a nan kaɗai, ka haƙura da motar ko da kyauta ce. Motocin da aka ƙera daga 1981 galibi lambarsu haruffa da alƙaluma 17 ce, na kafin nan kuwa takan fi gajarta, don haka gajartar kaɗai ba laifi ba ce. Idan an shigo da ita daga waje ka nemi takardar kwastam. Ka bincika a ofishin lasisi da wurin 'yan sanda, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a kuma sauya sunan mai mota nan take. In ƙungiya ce ta saya, sunan ƙungiya za a sa, ba na shugaba ba. Shugabanci yana sauyawa, kuma magada ba su san alkawarin baki ba.

Wani abu da ake mantawa: Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, don haka sitiyarinmu a hagu yake. Wasu motocin da sitiyarin dama suka zo aka juya su a gareji. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod da wajen akwatin sitiyari. Idan ka ga an yanka an yi walda a sandar sitiyari, ka bar ta. Walda a wannan wurin idan ta saki, ba a tsaye take saki ba.

Yanzu shasi. Ka je da rana, da tocila da ƙaramar guduma, ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu, ka shiga ƙarƙashi da kanka ko bakaniken da kai ka zo da shi. Kada ka yarda da bakaniken mai sayarwa. Ka bi dogayen ƙarafan nan biyu daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a dushe take, wani wurin ma ɓawon tsatsa zai zubo maka a fuska. Ka fi mai da hankali inda sifirin ya kama shasi, da tsakanin kan mota da bodi, domin nan ne motar da ta sha lodi take tsagewa. Ka ja baya ka kalle ta daga gefe: ratar da ke tsakanin kai da bodi ta zama daidai sama da ƙasa. Idan saman ya buɗe ko ya matse, bayan motar ya karye ko yana shirin karyewa. Ka ɗaga tabarmar ƙasa ta wajen direba, ka duba ƙarƙashin batir, ka duba gindin ƙofofi. Ɗan maganaɗisu yana da amfani a nan: inda ya ƙi kamawa a jikin bodi, an cike rami ne da fila aka shafe da fenti.

Motar da ta yi rayuwarta a Arewa ko Nijar takan tsira daga tsatsa saboda bushewar iska, amma takan zo da gajiyar lodi da ƙura. Wadda ta fito daga bakin teku, ko daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, injinta na iya zama garau alhali ƙarƙashinta ya ruɓe. In aka ba ni zaɓi tsakanin mataccen inji a kan lafiyayyen shasi, da inji mai rai a kan shasin da aka yi wa faci uku, na farkon zan ɗauka.

Inji kuma a tada shi a gabanka yana sanyi. Ka taɓa shi da hannu tukuna. Idan ka tarar da ɗumi, an riga an tada shi don a ɓoye maka wahalar tashinsa, sai ka ce za ka dawo gobe da sassafe. Ka zaro sandar auna baƙin mai, ka buɗe murfin zuba mai. Idan ka ga abu kamar kindirmo ko shayi mai madara, ruwa na shiga mai. Ka buɗe lagireto tun yana sanyi, a tada, ka kalli ruwan: kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gaskit ne ko tsagewar kan inji. Sai hayaƙi. Shuɗi, inji na cin baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa yake ƙonawa. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma sau da yawa wannan ne mafi sauƙin magani, don yakan zama kafireto ne ko nozul ko matatar iska da ta toshe. In bakaniken yana da abin auna matsin silinda, a auna duka. Abin da ake so shi ne su zo kusa da juna.

Daga nan a hau hanya, kuma a ɗora mata kaya in mai ita ya yarda. A sa kowace giya, a ɗaga ƙafa daga totur a gangara a ga ko giyar za ta fita da kanta. A taka birki a ga ko tana ja gefe. A saurari aksil na baya, kukan da ke ƙaruwa da gudu kuɗi ne ke kiranka. Mai jan ƙafa huɗu a gwada ta a yashi.

Wadda ta daɗe a ajiye

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan mota shi ne a kawo batir a ce bari mu ji ko za ta tashi. Injin da ya yi shekara biyu ko uku a tsaye ya bushe, man da ke jikin ƙarafansa ya tsiyaye, wataƙila ringi sun kama. Juyin farko da ƙarfin batir yana iya karce silinda ko karya ringi.

Ga yadda masu sha'awa ke yi. A fara da share ta, ana hattara da maciji da kunama da gidan rina. A duba wayoyi, domin ɓera yana son rigar waya, kuma wayar da ta tuɓe ita ce gobara. A buɗe gidan matatar iska, nan ma ɓera na sheƙa. A zubar da tsohon fetur gaba ɗaya a wanke tanki, don fetur idan ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireto. A juye tsohon baƙin mai, a sa sabo da sabuwar matata. A kwance fulogai, a ɗiga mai kamar cokali ɗaya a kowane rami, a bar shi ya kwana. Washegari a sa sifana a kan notin gaban inji a juya da hannu a hankali. In ya zaga sau biyu ba tare da ya cije ba, sai a juya shi da batir fulogai na waje har mai ya hau, sannan a mayar da su a tada. Injin dizal bakanike ne zai yi masa kwatankwacin wannan, kuma idan mai bel ne, a sauya bel ɗin kafin a tada, ko da a ido yana da kyau.

In ta tashi kada murna ta sa a fita titi. Birkin motar da ta daɗe a tsaye ba abin yarda ba ne.

Gyara bi da bi

Tsarin da nake ba kowa shawara shi ne: ta iya tsayawa, ta iya juyawa, ta iya sanyaya kanta, sannan a yi maganar gudu. Kwalliya a ƙarshe, in kuɗi ya ragu.

Birki ke gaba. A sauya robobin cikin famfon birki da na ƙafafu, a sauya tiyo na roba da ya tsattsage, a duba bututun ƙarfe ko ya yi tsatsa, a zubar da tsohon man birki duka. Man birki yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake sabunta shi duk shekara biyu. Kada ka bari a toshe birkin ƙafa ɗaya da ƙusa a ce ukun sun isa, kada kuma a zuba ruwan omo a madadin mai. Ana yi, na sani, kuma ana mutuwa a kai. Ƙurar cikin gangar birki ta tsofaffin motoci tana iya ƙunsar asbesto mai lalata huhu, don haka a jiƙa ta a goge, kada a hure ta da baki.

Sai taya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Taya tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafinmu kuma yana gaggauta tsufan. Ta akori-kura ita ce mai harafin C ko LT a jikin lambarta, wato ta ɗaukar kaya. Tayar ƙaramar mota ko da girmansu ɗaya ba za ta jure buhu goma ba. Tare da taya a duba sandunan sitiyari, da boris na ƙafafu, da bushin sifirin, da shokozoba.

A kan sanyaya inji zan ɗan tsaya, domin zafi ne ya fi kashe tsofaffin injuna a ƙasarmu, musamman a watan Maris da Afrilu. A sauke lagireto a wanke cikinsa, a sauya tiyo da murfi da fanbel, a duba famfon ruwa. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. Ruwan rijiya ko na rafi yana barin gishiri da laka a ciki har ramuka su toshe, don haka ka sa ruwan sanyaya inji na kanti, in ya gagara ka sa tsabtataccen ruwan sama da aka tace. Akwai kuma al'adar cire tamostat a jefar, a ce wai na ƙasar sanyi ne. Ban goyi bayan wannan ba. Aikinsa ya sa inji ya kai zafin da ya dace da wuri ya kuma tsaya a nan. In babu shi inji yakan daɗe yana aiki a sanyaye, ya sha mai, ya cinye da wuri, kuma ainihin abin da ke kawo zafin, wato toshewar lagireto ko mataccen famfo, yana nan ba a taɓa shi ba. Idan ya lalace a sa sabo. Allurar nuna zafi ta dashbod kuwa dole ta yi aiki. Direban da ba ya ganin zafin injinsa sai tururi ya sanar da shi, a lokacin kuma an makara. In ta tafasa, a tsaya a jira ta huce kafin a taɓa murfin.

Kowane inji da inda yake ciwo. Na dizal irin 2L da 3L da 5L bel ne ke haɗa sama da ƙasansu, kuma ana sauya shi duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul, gyaran ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Tunda ba ka san yaushe mai ita na baya ya sauya ba, ka sauya ranar da ka saya, ka rubuta. Injin 22R kaca gare shi. Idan ka ji ƙarar kaca a gaban inji da safe kada ka share, domin idan abin da ke riƙe ta ya cinye takan goge murfin gaba har ta huda hanyar ruwa. Injin fetur mai kafireto da kontak, irin na 504, ba ya son komai sai saiti: fulogi mai tsabta, kontak mai daidaitacciyar rata, bawul da aka saita. Wannan aikin awa ɗaya ne, kuma za ka ga bambanci a gidan mai.

Baƙin mai a sauya shi da matatarsa duk kilomita 5,000, ko ƙasa da haka in hanyarka ƙura ce. Lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska duk mako. Inji ba ya tafiya babu ita, ko na yini ɗaya, don ƙura da mai idan suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa a cikin silinda. Tsohon man da aka juye kada a zubar a gona ko kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a miki ko ƙaba, guba ne. Salansar da ke yoyo a ƙarƙashin kujera a toshe ta. Hayaƙin da ke kashewa ba shi da wari, barci kawai yake sa direba. Kuma duk wanda zai shiga ƙarƙashin mota, kada ya dogara da jak kaɗai, a tokare da kututture mai ƙarfi.

Kayan gyara

Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, Suame a Kumasi, Katako a Yamai: a irin waɗannan kasuwanni za ka samu kusan komai, na gaske da na jabu a shago ɗaya. Ka tafi da tsohon kayan a hannu a gwada. Abin da ƙarfe ne zalla, kamar gidan giya, aksil, ƙofa ko gangar inji, na hannu na asali yakan fi sabo mai arha. Abin da roba ne ko mai cinyewa, kamar bel, tiyo, gaskit, kayan birki da boris, sabo za ka saya, mai kyau. Masu sha'awa sukan sayi matacciyar mota ta biyu iri ɗaya su ajiye don cirar kaya. Ƙungiyar da ke da fili za ta iya yin haka, sau da yawa a kan kuɗin da bai wuce na ƙarfenta ba.

Mota a bakin aikin gona

Tan ɗaya buhu goma ne na masara mai kilo 100, ko buhu ashirin na taki mai kilo 50, kuma nauyin direba da yaran mota yana cikin lissafi. Na san ana ɗora ninkin haka. Ana kuma ƙara fallen sifirin don kada ta zauna. Ƙarin falle yana ɗaga bodi ne kawai. Birki da aksil da boris da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Sawu biyu ya fi arha a kan aksil ɗaya da ya karye a daji da kaya a kai. Mai nauyi a sa shi gaba, kusa da kan mota, kada a tara shi a wutsiya. Mutane kuma ba sa hawa saman lodi.

Takin zamani abokin gabar ƙarfe ne. Yuriya tana jan danshi, NPK kuma yana ɗauke da gishirin da ke cin ƙarfe, haka ma takin gargajiya mai laima. Ka shimfiɗa tamfol ko katako kafin lodi, ka share ka wanke bodi a ranar, har da ƙarƙashi, ka tabbata ramukan tsiyayar ruwa ba su toshe ba. Maganin feshi kada ya hau mota ɗaya da abinci ko mutane ko dabbobi. A ɗaure jarkokin a tsaye, a wanke bodi bayan an sauke. In dabbobi za ka ɗauka, zuba yashi ko ciyawa a ƙasa don kada su zame. Da damina, bayan an ratsa ruwa mai zurfi, a duba man aksil da na giya, in ya koma fari a sauya, a kuma bi duk wuraren giris.

In aiki ya yi sauƙi za a ajiye ta, a sa ta a inuwa, a cire kan batir, a saki birkin hannu a tokare taya da dutse. Duk mako a tada ta a ɗan zaga har inji ya yi zafi sosai.

Ga 'yan ƙungiya

Motar ƙungiya ba tsufa ke kashe ta ba, yawan hannu ne. Direba ɗaya za a ɗauka, mai lasisi, shi za a tambaya in wani abu ya faru. A ajiye littafi a cikin mota: ranar tafiya, inda aka je, kayan wa aka ɗauka, man da aka sha, abin da aka karɓa, gyaran da aka yi da sunan kayan da aka sa. Masu tara motoci suna biyan ƙarin kuɗi a kan motar da ke da irin wannan littafi, ku kuma shi ne zai hana ku zargin juna. Kowane sawu a cire kason gyara a ajiye daban, har sawun shugaba. Tun ranar farko a rubuta matsaya a kan aro don biki da suna da taron siyasa, kafin a zo ana jin nauyin juna.

Kafin ku saya ku yi lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, man da tsohon inji ke sha ya zama babban abin dubawa. Ku cika tanki, ku yi tafiyar da kuka san nisanta da kaya, ku sake cikawa, ku ga lita nawa ta ci. Ku haɗa da albashin direba, taya, baƙin mai, inshora, sabunta takardu da kason gyara, ku raba da yawan buhunan da kuke sa ran ɗauka a shekara. In abin da ya fito a kan buhu ɗaya ya fi abin da kuke biyan motar haya, kuma ba ku da aikin da za ta yi da rani, ku ci gaba da haya. Ga gonakin da ke kusa da gari, babur mai ƙafa uku na kaya ko amalanke na iya isar ku. Kuma kada ku kashe duk abin da kuka tara a kan saye; tsohuwar mota tana neman gyara tun makon farko.

In sayarwa za ka yi

Kada ka yi saurin kiran 'yan gwangwan su auna ta a kilo. Mai sha'awa yana neman motar da ba a taɓa yankawa ba, mai injinta na asali, da takardunta, da fitilunta, da tambarin kamfani, da dashbod ɗinta. Fentin asali ko ya koɗe ya fi masa sabon fenti mai kauri, don haka kada ka kashe kuɗi wajen fesa ta kafin ciniki. Gaskiya yawancin motocinmu sun sha wahalar da ta wuce su kai farashin da ake gani a intanet, kuma kuɗin fitar da mota waje ba kaɗan ba ne. Amma ko a gida, mai irin motar zai sayi giya, aksil, ƙofa, gilashi da fitilu ɗai-ɗai a kan abin da ya fi kuɗin ƙarfe.

Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe, da ƙarƙashi, da cikin inji, ka ji farashi daga mutum uku kafin ka sallama. Duk wanda ya kira ka daga nesa ya yi tayi mai tsoka, sannan ya ce ka fara tura kuɗin rajista ko na jirgi, ɗan damfara ne. Takardun asali kada su bar hannunka sai kuɗi ya shiga, kuma a sauya suna a ofishin lasisi, ka riƙe kwafin yarjejeniyar, don kada wata rana a yi laifi da motar a zo ƙofar gidanka.